SALULA MA TANA DA IYAKA

   

Hirarmu ta yau a kan salula take, musamman babbar waya mai gilashi wadda ake shafawa da yatsa. Akwai wata magana da ke yawo cikin gari da ƙauye. Waɗansu suna cewa: "Mene ne amfanin wahalar koyon baƙi da wasali? Ga waya nan, kullum ƙara wayo take. Nan gaba kaɗan ita za ta yi mana karatu, ta yi mana lissafi." Saboda wannan magana har akwai masu ajiye allo da alli su koma gida.

To, kafin kowa ya ajiye allonsa, bari mu dubi wayar nan da kyau. Daga ina ta taso? Ina ta kai? Ina kuma za ta tsaya? Gama kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

DAGA INA TA TASO

A shekara ta 1973, a birnin Niyok na Amurka, wani injiniya na kamfanin Motorola mai suna Martin Cooper ya yi kira na farko da wayar hannu. Nauyin wayar ya kai kilo guda. Da aka fara sayar da irinta bayan shekara 10, kuɗinta wajen dalar Amurka 4000 ne. Sai ta sha wuta awa 10, ka yi magana ta rabin awa, ta mutu.

Daga nan abu ya yi ta gaba. A 1991 aka buɗe rezo irin na 2G a ƙasar Finlan. A 1992 aka aika rubutaccen saƙo na farko. A 2001 Japan ta soma 3G. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone, wayar shafawa ta bazu duniya. A 2009 aka soma 4G a Suwidin da Norwe. A 2019 Koriya ta Kudu ta buɗe 5G. Harafin G ɗin nan yana nufin zamani: zamani na 2, na 3, na 4, na 5. Kun ga kusan kowace shekara 10 sai an yi sabon zamani. Masana suna shirin 6G wajen shekara ta 2030.

Amfanin salula a ƙasarmu ba ɓoyayye ba ne. Wata mai bincike ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda rezo ya shiga, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake. Da, sai ɗan kasuwa ya hau mota ya je ya tambayi kuɗin buhu. Yanzu kira ɗaya ya isa.

Wanda ya ga wannan gudu zai zaci ba shi da ƙarshe. Amma akwai iyaka guda 5 da ke gaban salula. Ku bi mu sannu, za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

IYAKA TA 1: ƘANƘANTA

Cikin kowace waya akwai wani ɗan falle da bai wuce farcen yatsa ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta. Da silikon ake yin sa, shi kuwa silikon daga rairayi ake tace shi. A kan fallen nan an jera ƙananan makunnai, masu kunnawa da kashewa, ana ce musu taransisto. Tsofaffi sun san sunan, gama da shi ake kiran ƙaramar rediyo ta da. Da kunnawa da kashewar nan waya take yin dukan lissafinta.

A shekara ta 1965 wani masani, Gordon Moore, ya lura cewa yawan makunnan da ake iya jerawa a falle guda yana ninkawa a kai a kai. Haka kuwa aka yi ta yi shekara da shekaru. A 2023 an fito da wayar da ke da makunnai miliyar 19 cikin ƙwaƙwalwarta, watau miliyan dubu 19. Ƙanƙantarsu ta kai inda ɗaruruwa za su jeru a kan kaurin gashin kai guda.

Ga inda gizo ke saƙa. Ku ɗauki ƙwayar hatsi. A surfa, a daka, a niƙa, ta zama gari. A sake niƙa garin ya yi laushi. Amma akwai inda niƙa ba ta ƙara kome. Haka silikon yake. Kowane abu da Allah ya halitta yana da ƙwayar asali, wadda masana ke kira atam, kuma ba a gina makunni da abin da ya gaza ta. Maƙeran ƙwaƙwalwar waya sun matso kusa da wannan wuri. In makunni ya cika ƙanƙanta, wuta sai ta riƙa yoyo kamar ruwa a fasasshen tulu, waya ta yi zafi. Shi ya sa yanzu suke ɗora makunnai bisa juna, kamar mai ƙaramin fili da ya gina bene. Dabarar tana ci, amma da tsada ƙwarai.

Ban da wannan, jikin ɗan Adam ma ya sa iyaka. Waya ba ta iya wuce tafin hannu da aljihu. Gilashinta ya riga ya yi kyau har ido ba ya rarrabe ɗigogin hoton. In an ƙara, ido ba zai ga ƙarin ba. Saboda haka wayar bana da ta bara kusan ɗaya suke. Mutanen duniya sun gane haka: tun wajen 2016 yawan wayoyin shafawa da ake sayarwa a shekara ya daina hauhawa, mutane suna riƙe tsohuwar wayarsu ta daɗe.

IYAKA TA 2: BATIR

Wannan kowa ya san ta, ba sai an faɗa masa ba. Batirin da ke cikin wayoyinmu na litiyom ne. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da irinsa a 1991. Daga ranar zuwa yau an gyara shi, amma tafiyarsa tafiyar jaki ce, alhali ƙwaƙwalwar waya tana sukuwar doki. Shi ya sa ƙaramar waya mai maɓalli take kwana da kwanaki da caji ɗaya, babbar kuwa da ƙyar ta kai dare.

Me ya hana a cusa wuta mai yawa cikin ƙaramin batir? Batir kamar salka yake. In ka matsa mata ruwa fiye da kima, sai ta fashe. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wata sabuwar wayarsa, Galaxy Note 7, daga kasuwannin duniya, saboda batirinta yana kama wuta.

Mu kuma a nan muna da ƙarin matsala, ita ce zafi. Masu ƙera waya suna cewa ta fi son aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce 40. Zafi yana tsofar da batir da wuri, har ya kumbura. Sa'an nan ga ƙarancin wutar kuran. A ƙasarmu wajen mutum 1 cikin 5 ne ke da wuta a gida, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Kun san yadda ake tara wayoyi a kai wa mai caji ran kasuwa. Kome kyawun waya, in babu wuta cikinta, dutse ce a aljihu.

IYAKA TA 3: HANYAR ISKA

Muryarka ba ta tashi daga wayarka ta faɗa kai tsaye cikin wayar ɗan'uwanka. Tana fara zuwa wurin antan, dogon ƙarfen nan da kuke gani a bakin gari. Igiyar rediyo ce ke kai ta, irin wadda ke kawo muku wannan hira. Hanyoyin igiyar nan ƙidayayyu ne, kamar gonakin gari. Rediyo na da nata, talabijin na da nata, jiragen sama da soja na da nasu. Abin da ya rage ake raba wa kamfanonin waya. A Nijar hukumar ARCEP ke kula da rabon.

A shekara ta 1948 wani masanin lissafi na Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa kowace hanya tana da iyakar saƙon da za ta iya ɗauka. Abu biyu ke yanke iyakar: faɗin hanya, da yawan hayaniyar da ke kanta. Ku tuna da tsakiyar kasuwar Maraɗi. In kana magana da mutum cikin hayaniya, dole ka ɗaga murya, ko ka maimaita, ko ka matso kusa. Har yau babu injiniyan da ya karya wannan ƙa'ida. Rezon zamani ya riga ya matso kusa da ita.

Kuma antan ɗaya kamar rijiya ɗaya ce. In mutum 10 ke ja, kowa ya cika tulunsa da wuri. In mutum 1000 suka taru, sai layi. Shi ya sa ran Salla, ko ran babbar kasuwa, kira ba ya shiga, ko da kuwa wayarka sabuwa ce fil.

To, yaya 5G take samun saurinta? Da hanyoyi sababbi masu faɗi. Amma a nan ma akwai ciniki. Igiyoyin rediyo iri iri ne. Akwai masu kama da raƙumi: kayansu kaɗan, amma suna cin dogon zango. Da irinsu antan ɗaya a fili take kai kilomita 20 ko 30. Akwai kuma masu kama da babbar mota: suna ɗaukar kaya tuli, amma sai hanya mai kyau. Mafi saurin igiyoyin 5G ba su wuce ƴan ɗaruruwan mitoci ba, kuma bango yana tare su, ganyen itace ma yana rage su. Don su yi aiki sai an kafa antan kusan a kowace unguwa. Wannan yana yiwuwa a babban birni mai cunkoso. A daji tsakanin Tanut da Agadas, wa zai kafa su?

IYAKA TA 4: NISA DA KUƊI

Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1.267.000 ne, kuma wajen kashi 2 cikin 3 hamada ce. Kowace antan tana son wuta dare da rana. Inda babu kuran sai injin gazuwal, ko farantin hasken rana da manyan batura. Tana son mai gadi da mai gyara. Kamfani kuwa ɗan kasuwa ne: yana duba yawan mutanen da za su sayi kiredi kafin ya kafa ƙarfe. Shi ya sa har yanzu akwai garuruwan da sai an hau tudu ko itace ake samun rezo.

Ita ma antan ba ita ce ƙarshen hanya ba. Daga gare ta saƙo yana bin wata igiya ta zaren gilashi da aka binne cikin ƙasa. Intanet ɗin duniya yawancinsa ta ƙarƙashin teku yake bi, cikin irin wannan igiya. Ƙasarmu ba ta da bakin teku, saboda haka sai ta ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ta kama igiyar. A watan Maris na 2024 igiyoyi 4 suka lalace cikin teku daura da Kodibuwa. Intanet ya tsinke ko ya yi rauni a Kodibuwa, da Laberiya, da Gana, da Benin, da Nijeriya, da sauransu. An ɗauki makonni ana gyara da jirgin ruwa. Kun ga wayar da ke hannunka a Tasawa ko Birnin Ƙonni tana rataye da igiyar da ke ƙarƙashin tekun da ba ka taɓa gani ba.

Wani zai ce: "Ai ga tauraron ɗan Adam." Gaskiya ne, yana kai wa inda antan ba ta kai. Amma shi ma da iyakarsa. Babu saƙon da ke wuce gudun haske, watau kilomita 300.000 cikin daƙiƙa guda. Manyan taurarin da suna can nisan kilomita 36.000. Ku yi lissafi: hawa 36.000, sauka 36.000, ya zama 72.000. Shi ya sa in ana magana ta cikinsu akan ji ɗan jinkiri kafin amsa. Sababbin taurari, irin na Starlink da suka fara aiki a Nijar a 2025, suna kusa, wajen kilomita 550. Jinkirinsu kaɗan ne. Amma sai an sayi faranti, a biya kuɗin wata, a samo masa wuta. Kuma tauraro ɗaya rijiya ɗaya ce ga yanki mai faɗi. Ba zai shayar da babban birni duka ba.

IYAKA TA 5: MAI RIƘE DA WAYA

Jama'a, iyaka 4 da muka ambata aikin injiniyoyi ne da hukuma. Suna ta ƙoƙari, za su matsa su gaba kaɗan kaɗan. Ta 5 kuwa babu injiniyan da zai matsa ta sai kai, sai ke.

Gaskiya ne waya tana ɗaukar saƙon murya. Gaskiya ne tana fassara, tun 2013 ma kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. Amma duk wannan yana cin mega, yana son rezo mai ƙarfi da batir mai rai. Kuma na'ura tana kuskure, ta faɗi kuskuren da ƙarfin hali kamar gaskiya. Wa zai kama ta? Sai wanda ya iya karatu.

Ku dubi aika kuɗi ta waya. Mu da dala muke ƙirga, waya kuwa da tamma take rubutawa. Jika 5 a baki, a gilashi 5000 ce. Jika 50 kuwa 50000 ce. Sifiri ɗaya ne tsakaninsu. Wanda bai san sifiri ba, yatsansa zai iya tura kuɗin buhun hatsi a maimakon kuɗin tiya, waya kuwa ba za ta ce masa "tsaya" ba.

Ku dubi sirri. Mace ta samu saƙo daga mijinta da ke ci rani, ko daga likita. In ba ta iya karatu ba, dole ta miƙa wa wani ya karanta. Magidanci ya ba yaron maƙwabta lambarsa ta sirri don ya ciro masa kuɗi. Daga ranar, ba lambar sirri ba ce kuma.

Ku dubi ƴan damfara. Saƙo ya shigo: wai ka ci kyauta, ka turo lambarka ta sirri. Ko a haɗa murya da hoto na ƙarya, a ce wane ne ya faɗa. Yadda waya ke ƙara wayo, haka maƙaryata ke ƙara wayo da ita. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga kuma abin da ya faru a ƙasarmu. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani shiri mai suna ABC a makarantun manya na garuruwa fiye da 100, cikin jihohin Dosso da Damagaram. Dukan ɗalibai an koya musu karatu da lissafi. A rabin garuruwan an ƙara koya musu aiki da ƙaramar salula: neman haruffa, buga lamba, rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka haɗa allo da salula sun fi samun maki. Dalili shi ne bayan an tashi daga aji suna ci gaba da rubutu a gida. Ku lura da kyau: wayar ba ta yi karatu a madadinsu ba. Ta zama musu allo na biyu ne.

SHAWARA

Na 1. Kada ka sayar da akuya ko ka taɓa rumbu don an ce maka sabuwar waya tana da 5G. Fara tambaya wane rezo ke garinku. Waya ba ta wuce antan ɗin da ke ba ta.

Na 2. Kada ka bar waya cikin rana, ko a gaban mota, ko ƙarƙashin matashi tana caji. In batir ya kumbura, a sauya shi nan da nan, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Na 3. Inda rezo ba shi da ƙarfi, rubutaccen saƙo ya fi kira shiga, ya fi araha. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. Sun isa a faɗi farashin wake, ko a ce an sauka lafiya.

Na 4. Lambobin da ke da muhimmanci, rubuta su cikin littafi. Waya tana ɓata, tana mutuwa, ana sace ta. Littafi ba ya son caji.

Na 5. Lambar sirri taka ce kai kaɗai. Ko wanda ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, kada ka ba shi.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. A ina ake samun rezo mai ƙarfi a garinku? Kilomita nawa ne tsakaninku da antan?

2. Nawa kake kashewa a wata wajen kiredi da caji? Rubuta da dala, sa'an nan ka juya shi zuwa tamma.

3. Wane saƙo ne ba za ka so wani ya karanta maka ba?

AIKIN GIDA

Kowa ya rubuta gajeren saƙo a allo, malami ya duba. Sa'an nan ya buga shi cikin waya, ya aika wa abokin karatunsa. Wanda ba shi da waya ya haɗu da mai ita, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu babbar waya su roƙi malami ya nuna musu inda haruffanmu masu lanƙwasa suke, watau ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don kada "ƙasa" ta koma "kasa", ko "ɓata" ta koma "bata".

Jama'a, salula za ta ci gaba da gyaruwa, amma sannu sannu, ba da gudun da ta yi a baya ba. Wanda ya zauna yana jiran ranar da za ta ɗauke masa karatu, zai daɗe yana jira. Wanda ya tashi ya je aji, cikin wata kaɗan zai karanta saƙonsa da idonsa, ya ƙirga kuɗinsa da kansa. Ku gaya wa waɗanda suka ajiye allo su dawo, wurinsu yana nan.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.